Wanzami Ba Ya Son Jarfa: Ɗaliban Likitanci da Shaye-shaye

Duk lokacin da labari ya ɓulla cewa an kama wani ɗalibin likitanci da ƙwaya, ko an kwaso wani daga ɗakin kwanan ɗalibai ranga-ranga, tambayar da ke fita daga bakin mutane ɗaya ce: "To shi da yake karanta illar abin?" Cikin mamaki ake yin ta, wani lokaci har da jin haushi, kamar an kama liman da takalman mamu. Tambayar na ɗauke da wani zato, wai jahilci ne ke jefa mutum cikin shaye-shaye, don haka ilimi ne makarinsa. Wannan zaton ne ke sa a tara ɗalibai a babban zaure ana yi musu lacca kan illar miyagun ƙwayoyi, alhali rabin waɗanda ke zaune za su iya miƙewa su gyara wa mai laccar kurensa.

Tarihin likitanci da kansa ya ƙaryata wannan zato. A 1884 wani matashin likita a ƙasar Ostiriya, Karl Koller, ya gano cewa hodar iblis tana kashe zafi a ido har a iya yin aiki. Labari na isa Amurka, wani haziƙin likitan tiyata a New York, William Halsted, ya shiga gwada ta a jijiyoyin jikinsa da na abokan aikinsa. Gwajin ya yi nasara, domin daga nan aka samu hanyar kashe zafin wani sashe na jiki ba tare da an sa mutum barci ba. Amma shi mai gwajin ya kamu. Sau biyu ana kwantar da shi a asibitin masu taɓin hankali, inda aka yi ƙoƙarin raba shi da hodar ta hanyar ba shi mofin, wani maganin kashe zafi mai ƙarfi, sai aka yi gudun gara aka faɗa gidan zago. Da wannan lalura ya zama shugaban sashen tiyata na asibitin Johns Hopkins, ya shigo da safar hannu ta roba ɗakin tiyata, ya rayu har 1922. Sai a 1969, da aka buɗe wani rubutun sirri na abokin aikinsa William Osler, duniya ta tabbatar cewa ko a shekarun da yake kan ganiyarsa bai rabu da mofin ba. Abin lura a nan, Halsted ne ya kafa tsarin horar da ƙananan likitoci da duniya ta kwaikwaya, wanda ake kwana ana wuni a asibiti ba hutu. Ma'aunin juriyar da ake ɗora wa yaranmu har yau, mutumin da ƙwaya ke riƙe da shi ne ya yanka shi.

A wurinmu, yawancin ɗaliban likitancin da suka faɗa wannan rami ba neman holewa ce ta kai su ba. Neman ido biyu ne. Yaro ya taso tun firamare shi ke zuwa na ɗaya. Ranar da sunansa ya fito a jerin waɗanda aka ɗauka, daga ranar gida da unguwa suka daina kiran sunansa na yanka, ya koma "Dakta". Gwaggo na nuna masa kumburin ƙafarta tun bai taɓa riƙe allura ba. Sai ya shiga aji ya tarar kowa a nan na ɗaya ne a inda ya fito, kuma ga jarabawar da ake kira 2nd MB tana jira, wadda ke haɗa ilimin sassan jiki da na aikin gaɓoɓi da na sinadaran jiki a lokaci guda. Wanda ya faɗi zai sake zama, in ya sake faɗuwa ya maimaita shekara, in abin ya ci tura a ce ya nemi wani kwas. Ga wanda aka yi shekara uku ana ce wa Dakta, komawa gida da labarin an sallame shi ya fi masa mutuwa ciwo, kuma ba da ƙarin gishiri nake faɗin haka ba.

Daga nan tsani yake farawa, kuma matakin farko babu wanda zai ce haram ne. Shayi mai kauri wajen mai shayi, goro, sai Nescafe leda biyu a rabin kofi, wani ma garin yake zubawa a baki ya kora da lemo. Sai gwangwanayen lemon ƙara kuzari. Ana kwana a aji, abin da ɗalibai ke kira TDB, wato karatu har wayewar gari. Sinadarin kafin da ke cikin waɗannan abubuwa yana ɗaukar kimanin awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, saboda haka wanda ya ɗirka da ƙarfe biyun dare, in ya kwanta bayan asuba idonsa ƙyam, zuciya na dukan uku-uku. Ga lacca ƙarfe takwas. Sai wani aboki ya ce akwai 'yar ƙwayar da za ta kwantar da shi, diyazafam, rabi kawai. Yanzu yana da abin tashi da abin kwanciya. Bayan wata biyu rabin ba ya yi.

Abin takaicin shi ne cinikin asara ne tun daga tushe. Lokacin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka karanta da rana, wannan yana cikin littafin da yaron ke hana idonsa barci don ya haddace. Wani bincike da aka yi a Ostireliya a 1997 ya nuna wanda ya yi awa 17 bai runtsa ba, saurin hankalinsa da daidaiton hannunsa sun yi daidai da na wanda ya sha barasar da doka ta hana tuƙi da ita a ƙasashe da yawa, in ya kai awa 24 kuwa ya ninka. Su ma ƙwayoyin da ɗaliban Turai da Amurka ke yayi don kaifin basira, irin su Ritalin da modafinil, wani gwaji da aka wallafa a 2023 kan mutane 40 masu lafiya ya nuna sun ƙara musu naci da daɗewa a kan aiki, amma ingancin amsarsu ya ragu. Mutum yana jin kansa zaki, takarda kuwa tana faɗin wani abu daban.

Ƙarƙashin wannan duka akwai ciwon da ba a cika ambata ba. A 2016 mujallar ƙungiyar likitocin Amurka, JAMA, ta tattara bincike kusan ɗari biyu daga ƙasashe sama da 40, ta gano kashi 27 cikin ɗari na ɗaliban likitanci suna da ciwon damuwa ko alamominsa, kashi 11 kuma sun taɓa tunanin kashe kansu. A cikin waɗanda gwaji ya nuna suna da damuwar, waɗanda suka nemi magani ba su kai kashi 16 ba. Wannan adadi na ƙarshe shi ne ya fi ɗaukar hankalina. Mutane ne da ke wuni cikin asibiti, suna gaisawa da likitan ƙwaƙwalwa a baranda kullum, amma biyar cikin shida ba su taɓa zama gabansa a matsayin majinyata ba. Waɗannan sun yi wa kansu magani, ko da haƙuri, ko da wani abu.

Wani abun kuwa ya danganta da inda mutum yake. A Amurka giya ce kan gaba, har wani binciken da aka fitar a 2016 ya nuna kusan ɗaya cikin uku na ɗaliban likitanci suna shan ta fiye da kima ko sun dogara da ita, ninki biyu na tsaransu. Can al'ada ce a gama jarabawa a wuce mashaya. A Arewa lissafin ya sha bamban. Addini ya haramta, jihohi goma sha biyu sun ƙaddamar da shari'a daga 1999, Hisbah na farfasa kwalabe, kuma mafi girma duka, giya tana wari. Wanda ya sha ba zai shiga sahu a masallacin makaranta ba tare da na kusa da shi ya juyo ba. Ba cewa nake ba a sha, masu sha sun san hanyar unguwannin da ake sayarwa. Amma ga ɗan mutunci mai tsoron a ce, abin da ba ya wari shi ne zaɓi: ƙwaya a aljihu, maganin tari a cikin gorar lemo. Har wani ya riƙa yi wa kansa fatawa cewa ai wannan magani ne, ba giya ba ce, alhali ya san hukuncin duk abin da ke gusar da hankali tun yana Islamiyya.

Alƙaluman ƙasa sun nuna haka. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya ce 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da wani abin maye a shekarar da ta gabata, ban da giya da taba. Wiwi ce ta ɗaya da miliyan 10.6, sai magungunan kashe zafi irin su tiramadol da miliyan 4.6, sai maganin tari da miliyan 2.4. Ɗaya cikin huɗu mace ce. A watan Mayun 2018 ne gwamnati ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani rahoton binciken ƙwaƙwaf na BBC ya tona yadda ake kwararar da shi. Ɗalibin likitanci daga cikin wannan al'umma ya fito, katangar makaranta ba ta tace kowa. Bambancinsa da ɗan acaba ko leburan da ke shan tiramol don ya jure aiki abu biyu ne: yana da hujja, yana da hanya.

Hujjar ita ce "na san ƙa'idarsa". Ya san tiramadol ba a wuce miligiram 400 a rana, ya san wanda hukuma ta yarda a sayar mai 50 ne da mai 100, na bakin titi mai 225 ne. Ya san bayan aikinsa irin na mofin yana kuma ɗaga sinadaran da ke gyara yanayin zuciya, shi ya sa mai damuwa yake jin duniya ta yi masa daɗi in ya sha. Ya san yana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Duk wannan sani sai ya zame masa abin lallashin kai: ni ba irin waɗancan ba ne, ni da lissafi nake sha, ina gama jarabawa zan ajiye. Matsalar ita ce sabon jiki ba ya tambayar takardar shaida. Ƙwaƙwalwar farfesa da ta ɗan tasha hanya ɗaya suke bi, abin da ya yi aiki jiya yau sai an ƙara, ranar da aka rasa kuma ga hamma, ga majina, ga ciwon gaɓoɓi, ga ƙunci. A wannan mataki mutum ba don daɗi yake sha ba, don ya iya tashi ya je zagayen duba marasa lafiya yake sha. Kuma ilimin da bai hana shi kamuwa ba yana yi masa wani aikin sosai, wato ɓoyewa. Ya san alamomin da ake dubawa, ya san amsar da za ta gamsar da mai tambaya.

Hanyar kuwa tana buɗewa ne daga aji huɗu, lokacin da aka shiga asibiti. Farar riga da abin sauraren ƙirji a wuya sun isa mai kemis ya miƙo abin da aka ambata ba tare da neman takarda ba, musamman in an faɗi sunan maganin da lafazin masana. A nan ne ake haɗuwa da allurar fentazosin, wadda aka fi sani da fenta. Likitoci a Najeriya sun daɗe suna rubutu kan yadda ta kama mutane iri biyu, masu ciwon sikila da ma'aikatan lafiya, har ta bar su da gyambo da sandarewar nama a cinya da damtse. To yi tunanin wanda ya haɗa biyun, ɗalibin likitanci mai sikila, wanda ciwon gaske ke tayar masa a tsakiyar jarabawa, ya kuma iya yi wa kansa allura. Ta ina za a ja layi tsakanin jinya da kamu? Ko a ƙasashen da ake ƙirga kowace kwalba, likitocin da ke sa barci a ɗakin tiyata sun fi takwarorinsu yawa a cibiyoyin jinyar masu shaye-shaye in aka yi la'akari da adadinsu, saboda su ne hannunsu ke kan magunguna masu ƙarfi kullum.

Taba labarinta daban ne, kuma a cikinsa ne nake ganin darasi mafi amfani. Sigari ba ta da farin jini a ajin likitanci a nan, amma shisha ta shigo ta ƙofar baya da ƙamshin tuffa da na'ana'a, har 'yan mata ba sa jin kunyarta, wai ruwa na tace hayaƙin. Ba ya tacewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi tun 2005 cewa zama ɗaya na awa guda yana iya sa mutum ya zuƙi hayaƙi mai yawan na karan sigari ɗari ko fiye, ga kuma iskar gawayi mai guba.

A tsakiyar ƙarnin da ya wuce akasarin likitoci maza a Ingila mashaya taba ne, a Amurka har talla ake yi da su. A 1951 Richard Doll da Austin Bradford Hill suka aika wa duk likitan da ke cikin rajistar Birtaniya 'yar takardar tambaya kan shan tabarsa. Kimanin dubu arba'in suka amsa. Daga nan sai masu binciken suka zauna suna jiran takardun mutuwa. Zuwa 1954 an fara ganin kansar huhu tana ɗauke mashaya tana barin waɗanda ba sa sha, aka ci gaba da bibiya har shekara hamsin, aka kammala da cewa taba na kashe kusan rabin waɗanda suka dawwama a kanta, tana kuma rage musu kimanin shekara goma. Shi kansa Doll ya yar da tabarsa tun yana tsakiyar wani bincike da suka yi kafin wannan. Likitocin Birtaniya suka riga sauran jama'a dainawa, da tazara mai yawa. Amma a Sin, inda littafin likitanci ɗaya ne da na Landan, wani bincike na 2004 ya tarar kusan huɗu cikin goma na likitoci maza suna busawa. Ke nan ba sanin illa ne ya raba su ba. Na Birtaniya sun yarda an juya musu madubi, an ƙirga gawarwakinsu, sunayen abokan karatunsu ne a cikin lissafin, sai shan taba ya zama abin kunya a tsakaninsu. Wanzami ya yarda an yi masa jarfa.

Mu a nan wanzamin guduwa yake, kuma in ka duba da idon basira yana da dalili. A ce ɗaliba 'yar aji biyar ta gane ta kamu, tana son taimako. Ina za ta? Asibitin koyarwar da take karatu. Wa zai duba ta? Malamin da zai yi mata jarabawar baka nan da wata uku. Wa zai ɗauko fayil ɗinta? Ma'aikacin da ya san ta, wataƙila ɗan unguwarsu ne. Wa zai zauna a bayan likita yana koyon ɗaukar bayani? 'Yan ajinsu. Kafin la'asar labari ya isa ɗakin kwana, kafin Juma'a ya isa gidan wanda zai aure ta. Ga dokar makaranta da ta tanadi kora, ga fargabar kada maganar ta kai ga hukumar da ke ba likitoci lasisi, MDCN. In har abin ya kai ta ga yunƙurin halaka kanta, dokokin hukunta laifuka na Kudu da na Arewa duka sun ɗauki wannan a matsayin laifi. An sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a farkon 2023, ta maye gurbin ta 1958 mai kiran majinyaci mahaukaci, amma likitocin wannan fanni a duk ƙasar ba su kai ɗari uku ba. Duk mai lissafi da ya auna waɗannan zai zaɓi yin shiru. Don haka ma nake ɗaukar sakamakon takardun tambaya da ake rabawa a aji da taka-tsantsan: malami na tsaye a gaban allo, ka rubuta shekarunka da jinsinka da ajinka, sannan a ce ka faɗi ko kana shan ƙwaya, wai ba za a gane ka ba.

Maganin da hukuma ta karkata gare shi yanzu shi ne gwajin gano masu shan ƙwaya. A 2025 ma'aikatar ilimi ta tarayya da hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, NDLEA, ƙarƙashin Buba Marwa suka amince a riƙa gwada ɗaliban manyan makarantu. Ba na cikin masu watsi da shi gaba ɗaya, domin wanda zai riƙe wuƙa a kan cikin mutum ba daidai yake da mai karanta tarihi ba, kuma majinyacin da ke kwance yana da haƙƙin kada wanda ke layi ya taɓa shi. Sai dai gwajin fitsari yana da makanta. Wiwi kan yi makonni a jikin mai yawan sha, wasu ƙwayoyin kuwa kwana biyu ko uku sun wuce, wasu ma sai an neme su musamman. Wanda ya fi kowa sanin wannan shi ne ɗalibin da ya ci jarabawar ilimin magunguna. Sai raga ta kama ɗan aji ɗaya da ya yi gangancin biki, ta bar ɗan aji shida mai allura. Sannan babbar tambayar tana nan: in an kama, sai me? In kora ce, to an mayar da mai lalura gida da rabin ilimin likita da sunan Dakta da bai goge ba. Irinsa ne ke buɗe kemis a ƙauye, yana ƙarin ruwa yana allura, ga kayan a gabansa, ba mai sa ido.

Akwai waɗanda suka gwada wata hanyar. Yawancin jihohin Amurka suna da shiri na musamman don likitoci masu wannan matsala: a ɗauke mutum daga aiki, a yi masa jinya a asirce, ya dawo bisa sharaɗin gwajin ba-zata na tsawon shekaru, in ya karya alkawari lasisinsa na cikin haɗari. Binciken da aka wallafa a 2008 kan likitoci 904 ya tarar bayan shekara biyar kusan kashi 79 cikin ɗari suna da lasisinsu suna aiki, sakamakon da ya zarce na jinyar sauran jama'a nesa ba kusa ba. A shekarar ce Ingila ta buɗe wata cibiya a Landan da ma'aikatan lafiya ke zuwa ba tare da wurin aikinsu ya sani ba. Gwaji yana cikin tsarin, har ya fi namu tsanani, amma a matsayin igiyar riƙe wanda ya dawo. Kuɗin da ake kashewa can ba mu da shi, amma sirri ba ya buƙatar dala. Yarjejeniya ce tsakanin makarantu: ɗalibin Kano a duba shi a asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, na Sakkwato a Maiduguri ko Zariya, fayil ya zauna can, makaranta ta ba shi hutun jinya kamar yadda za ta ba wanda ya karye a ƙafa.

Ƙungiyoyin ɗalibai na addini suna ƙoƙari, kuma wa'azi yana tsare da yawa daga farawa. Amma wanda jikinsa ya riga ya saba, tuba kaɗai ba ta sauke masa abin. Mai watanni a kan diyazafam in ya yanke dare ɗaya bayan ya ji wa'azi ya yi kuka, jijjiga na iya kama shi har ta kai ga rasa rai, sai an rage masa a hankali ƙarƙashin kulawa. Kuma kusan kullum wanda ya fara sani ba malami ba ne, ba iyaye ba ne, abokin ɗaki ne. Shi ke ganin fankon fakiti a ƙarƙashin katifa, shi ke sa masa hannu a takardar halartar lacca, shi ke cewa "yana fama da zazzaɓi ne" in babban likita ya tambaya. Daren da abin ya kayar da shi yana ta jijjiga a ƙasa, abokin ne zai kira biyu daga cikin amintattu, su sa shi a Keke Napep, su wuce ƙofar sashen gaggawa na asibitin da suke karatu, su nufi wani ƙaramin asibitin kuɗi a can bayan gari inda ba wanda ya san fuskarsu. Da safe a rubuta maleriya a kati.